Nauyi a Kujerar Baya

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin girkina da garejin maigidana. Haka muka tarar da gidan a unguwar Gidan Dare, haka kuma muka bar shi. Ina gefen nan ina tuƙa tuwo, yana gefen can kwance ƙarƙashin motar wani, tun ina amarya har yau da jikoki ke hawa bayana. Ni ba mai son fita ba ce. A ba ni tabarmata ƙarƙashin dogon yaro, da rediyo, da maƙwabciyar da za mu yi ta zuba, to an gama mini komai. Karatuna bai wuce aji uku na firamare ba. Amma Allah Ya ba ni kunne, wannan kam ba zan ɓoye ba. Tun ina yarinya nakan gane wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa, nakan san tulu ya tsage tun bai fara yoyo ba.

Motoci kuwa ban taɓa neman sanin su ba, su suka shigo mini ta bango. Shekara da shekaru ina jin ana tada inji ana kashewa, sai in ji muryarsa yana cewa abu kaza ne, washegari in ji ƙarar ta ɓace. A haka na haddace su kamar yadda ake haddace muryoyin 'yan unguwa. Sunayen abubuwan na sani da kukansu, ban san siffarsu ba. Da za a ajiye mini bushin ɗin mota a faranti a lokacin, cewa zan yi murfin wani abu ne.

Shi ma da kunne ya yi suna. A zamaninsa har daga bayan gari ake kawo masa motar da ta gagari wasu. Yakan ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji, ya manna kunne a ƙotarta, ya rufe ido. Mutane su yi tsit. Can sai ya ɗago ya faɗi ciwon, kuma da wuya ya kuskure. Waɗanda ya koya wa aiki duk sun daɗe da buɗe nasu wuraren, ya rage shi kaɗai da raminsa na duba mota, da jak, da akwatin sifanoni.

Ni na fara gane kunnen ya soma tafiya. Rediyo ya fara ƙure wa murya har maƙwabta na jin labarai daga gidanmu. Sai ya zama in ina magana yana juyo mini da gefen dama. Sai kuma kiran salla. A da shi ke fara tashi a lungun, yanzu sai ya ga mutane sun nufi masallaci sannan ya wanke hannu da sauri. Duk abin da aka ce masa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Awo, awo." Ta yaya zan dubi mutumin da kunnensa ya ciyar da mu duk shekarun nan in ce kunnen ya mutu? Na dai ƙara ɗaga murya, da yake kuma an san ni da surutu ba wanda ya lura.

Mota ba ta da kawaici irin nawa. Aikin da ido ke gani yana yin sa tsaf, birki ne, juyen mai ne, kuloci ne. Wanda sai an saurara ne ya fara komowa. A gyara a tafi, kwana biyu a dawo, daga nan a daina dawowa gaba ɗaya. Akwai ranakun da tun safe har azahar ba na jin an tada inji ko ɗaya, sai ƙararsa yana jera sifanoni yana sake jerawa. Ya shigo ya ci abinci ya ce aiki ya yi yawa yau. In ce sannu.

Wata bazara, lokacin da zafi ke sa kwalta ta yi laushi, wani matashi ya kawo mota. Ɗan wani ɗan kasuwa ne, zai yi shekara talatin, irin masu wasan mota ranar biki. Kowa a garin nan ya san su, in an ɗaura aure sai su jeru su yi ta juyi, taya na ihu hayaƙi na tashi. Ni ban taɓa son abin ba, ɗiyan mutane ne a ciki. Tun daga bakin lungu na san ba irin motocin malaman makaranta da muka saba ba ce, muryarta daga ƙirji take fitowa. Daga baya na gan ta, tsohuwa ce baƙa, irin wadda tayoyin baya ke tura ta, an sa mata injin da ya fi ƙarfinta.

"Baba," na ji yana cewa ta bango, "wagga mota ta kunyata ni gaban abokai. In na taka ta da ƙarhi daga tsaye, maimakon ta tahi sai bayanta ya kama tsalle kamar jakin da ƙuda ya ciza. Haƙorana har haɗuwa suke. Kowa ya wuce, ni ina nan ina sukuwa."

"Mi kac ce tana yi?"

"Tsalle, Baba! Taya ta kama ƙasa ta saki, ta kama ta saki."

Ya ce an gaya masa in akwai mai jin ciwon mota a Sakkwato to tsohon Gidan Dare ne. Saura mako uku babban abokinsa ya yi aure, kuma shi zai ja gaba a jerin motoci. Na ji yadda maigida ya gyara murya. Ya daɗe ba a kira shi da wannan suna ba.

Da farko shok ya canza, guda biyun baya, ya ce sun gaji ba sa danne taya. Da ya gama ya shiga motar da kansa ya gwada ta a lungunmu. To lungunmu yashi ne zalla, kwalta tana can ƙarshensa, tafiyar kamar gida goma. Duk motar da ya taɓa gyarawa a nan yake gwada ta, ya je ya dawo sau biyu, bai taɓa ganin dalilin wuce nan ba. Ya taka, tayoyi suka yi ta juyawa cikin yashi sumul, suka watso mini ƙura kan shanyar da na yi. Ba tsalle ko ɗaya. Ya fito ya miƙa makulli ya ce an gama.

Mai motar ya yi godiya ya tafi. Ina tankaɗe na bi shi da kunne har ya hau kwalta. Ya tsaya, ya ba ta wuta, ya saki. Sai na ji wani ɗan ƙwas, ƙarami, kamar an saki ludayi cikin tukunyar da ba kome. Bayansa nan take sai dub, dub, dub, dub. Na ajiye rariya na leƙa ta ƙofar zaure. Maigida yana tsaye a bakin gareji yana wanke hannu da fetur, fuskarsa a sake, yana kallon wajen da motar ta bi. Bai ji komai ba.

Kwana uku ta dawo. Wannan karon maigida ya sa aka cika buhu biyu da yashin lungu aka jibga a but, ya aika wajen mai faci aka rage wa tayoyin baya iska, ya ce bayan ne ba shi da nauyi. Ya gwada a lungu, sumul. Mai motar ya hau kwalta, ni kuma ina gefen murhu na ji ƙwas, sannan dub, dub, dub, sai dai ya ɗan yi nauyi kamar mai tsalle da goyo.

Da mai motar ya zo karo na uku ba sallama mai tsawo.

"Baba, motata ta zama ta masu gini. Buhu guda ya hwashe, yashi har cikin takalman da na ajiye. Kuma tana nan tana rawarta."

Aka sauke yashi, aka sa sababbin tayoyi masu faɗi. Abin ya ma ƙaru, don sababbin sun fi kama kwalta, tsallen ya fi na da ƙarfi. Mai motar bai ko kai gida ba ya juyo. Ina jin sa ya buga ƙofa.

"Tsakani da Allah, Baba, kai ba ka ji ba? Daga nan zuwa titi taki nawa ne? Mai shayin bakin titi ma ya ji, har dariya shina yi mini. Ko kunnen ne ya tsuhwa?"

Da wasa ya faɗa, irin na matasa. Daga baya mai motar ya sassauta murya ya ce zai bar ta kwana biyu, in ba a samu ba zai kai ta wajen masu sa kwamfuta, kada Baba ya ji haushi.

Da azahar maigida ya shigo ya zauna kan tabarma. Na kawo masa ɗanwake da mai da yaji, ya sa hannu ya ci biyu ya tsame. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"In wagga mota ta hita garejina ba ta warke ba," ya ce, "na ruhe. In sayar da jak da sifanoni in zauna ƙohwar gida kamar sauran tsohi."

Na san shi, ba ya faɗin abu sau biyu. Na kuma san tsofaffin da yake nufi, masu bin inuwa daga wannan bango zuwa wancan har magariba. Mutumin da bai taɓa yini hannunsa ba baƙin mai ba, in ya zauna haka ba zai yi shekara ba. Abincin gida ba shi ne damuwata ba, yara sun girma suna aikowa. Shi nake ji.

Na matsa gefensa na dama.

"Malam, in hwaɗi wata magana?"

"Yaushe kika taɓa neman izni?"

"Kahin ta hwara tsallen, akwai wani ɗan ƙwas. Guda ɗaya. Sannan tsallen ya biyo. Kuma ba ta yi a yashi, sai ta hau kwalta. Sau ukun nan duk na ji."

Ya juyo ya dube ni sosai. Na ga abubuwa da yawa sun wuce a fuskarsa, na ƙarshensu fushi.

"Ke da ba ki taɓa riƙe sifana ba? Daga bakin murhu kike gyaran mota yanzu?"

"Ni ban ce gyara ba. Ji na ce na yi."

"To ci gaba da ji."

Ya tashi ya fita. Ranar nan da washegari ba mu yi wata magana ba sai ina kwana da ga abinci. Ina jin sa ta bango ya ɗaga motar a jak, ya sauke, ya tura ta kan rami, ya shiga, ya fito. Yana bubbuga ƙarafa da guduma yana jira ya ji amsarsu, amsar tana zuwa wurina shi ba ta kai masa. Na yi ta wanke kwanonin da na riga na wanke. Gajiyar da na yi a kwana biyun nan ko ranar sunan ɗiyata ta fari ban yi irinta ba, kuma ban ɗaga komai mai nauyi ba.

Rana ta biyu bayan sallar azahar na ji muryar mai motar a waje. Jim kaɗan sai ga maigida ya shigo tsakar gida. Bai zauna ba, bai kuma dube ni ba, dogon yaro yake kallo.

"Ɗauko mayahinki."

"Ina za mu cikin wagga rana?"

"Titi. Ki zauna baya, tsakiya. Kada ki ce kome. In kin ji abin naki, ki taɓa mini kahwaɗa, ta gehen da ya hito."

Na tsaya da ludayi a hannu. Rabona da shiga mota tun rasuwar yayata. Na sa mayafi da takalmi na bi shi.

Mai motar ya durƙusa ya gaishe ni, yana kallon maigida da alamar tambaya. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Nauyi nike so a baya," ya ce. "Yashi ba ya gyara zama in an ce ya gyara. Wagga kuwa ta kai buhu biyu."

Mai motar ya tuntsire da dariya, sannan ya kama bakinsa. "Yi haƙuri, Inna."

"Ba kome, ɗana," na ce. "Tuwon da na tuƙa masa ne ya ƙi ci, ni na cinye."

Raina ya ɗan sosu, ba zan yi ƙarya ba. Gaban ɗan mutane a auna ni da buhu. Amma na gane abin da yake yi, kuma da ni ce a matsayinsa ban san wace ƙaryar zan samu da ta fi wannan ba.

Cikin motar kamar tanda. Kujera ta ƙona ni ta cikin zane, ga warin fetur da turaren mai motar sun haɗu. Shi yana tuƙi, maigida na gefensa, ni ina tsakiyar baya na riƙe kujerunsu hannu bibbiyu. Muka bi yashi a hankali muka hau kwalta. Titin ba kowa, zafi ya kore mutane, har wani ruwa-ruwa ake gani yana rawa can gaba. Mai motar ya tsaya ya dube ni ta madubi.

"Inna, ki riƙe da kyau."

Na fara karanta duk addu'ar da na iya. Ya ba ta wuta har cikina ya ɗauki rawa, ya saki. Wallahi ban ji komai ba sai ihun kaina. Motar ta yi ta dukan ƙasa da ni, kaina ya bugi rufi, mayafi ya zame, takalmina ɗaya ya shige ƙarƙashin kujera. Da ya tsaya maigida ya ɗan karkato kafaɗa yana jira. Ban taɓa shi ba.

"Sake," ya ce.

A karo na biyu na rufe baki na rufe ido. Na ji ƙwas ɗin, amma a cikin mota ƙara tana zagaye mutum, ban san ta ina ta fito ba. Daga ɗakin girki ya fi sauƙi. Zuciyata ta fara tashi, abincin rana ya taso mini har maƙogwaro. Na ga wuyan maigida ta baya, gumi na bin tsagar fatarsa, ya tsufa fiye da yadda nake ganin sa a gida.

"Sake," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, Inna hwa ta galabaita."

"Nauyi ba ya galabaita. Sake."

Sai na yi abin da na tuna yana yi. Ba ni da sukundireba, don haka na zame na kwantar da kaina a kan kujera, na manna kunne a jikinta, gwiwoyina a ƙasa. Mace mai jikoki, a titi, da rana tsaka. Ya ba ta wuta, ya saki. Ta cikin kujerar abin ya zo mini sarai, ƙwas, daga ƙasa, gefen hagu, bayan direba, kamar wani abu ya ja baya ya bugi ɗan'uwansa kafin tsallen ya fara. Na lalubo da hannu ta tsakanin kujeru na damƙi kafaɗarsa ta hagu, na matse da duk ƙarfina.

Bai juyo ba. Ya bar motar ta tsaya, ya karkata kai kamar mai tunani.

"Mu koma," ya ce. "Na ji ta. Hagu ne, baya."

Da na ɗago, idona ya haɗu da na mai motar a madubi. Ya kalli hannuna da ke kan kafaɗar, ya kalle ni, sannan ya mayar da ido kan titi.

Da muka iso gida na shige ciki na yi amai bayan randa, na kwanta kan siminti da mayafina. Ta bango ina jin maigida ya shiga rami. Wannan karon ya san inda za shi. Akwai wani babban ƙarfe da ke riƙe da tayoyin baya, an ɗaure shi a jikin mota da roba mai kauri, ita ce bushin ɗin. Ta waje lafiya lau take, shi ya sa ya duba ta sau nawa ya wuce. Da ya sa ƙarfe ya banƙare ta sai ga shi ta rabe biyu ta ciki, zafi ya busar da ita. In an taka mota da ƙarfi a kwalta, taya ta kama, ƙarfen ya ja baya ya bugi jiki, ya dawo, taya ta saki, ta sake kamawa. A yashi kuwa taya ba ta kama komai balle ta ja shi. Duk wannan daga bakinsa na ji, yana yi wa mai motar bayani da tsohuwar muryarsa ta da.

Mai motar ya ce a sayo ta kamfani, sabuwa a kwali. Maigida ya ce a'a.

"Ta kamfani laushi gare ta, don jin daɗin zama anka yi ta, a ƙasar sanyi. Kai kuma ba zama kake ba, hauka kake. Ka bar ni da ita."

Ya hau acaɓa ya tafi Ƙofar Marke wajen wani tsohon abokinsa, Kirista mutumin Filato, wanda aikinsa ke nan yanka bushin daga tsohuwar tayar babbar mota. Ya sa aka yanko guda biyu masu tauri, ya ce in an canza hagu a bar dama to an yi rabin aiki. Kafin la'asar ta washegari ya buga su da guduma sun zauna. Hannunsa kam ba abin da ya same shi.

Bai gwada a lungu ba. Ya ce wa mai motar ya je titi, shi kuma ya shigo ya tsaya a ƙofar ɗakin girki, wai ruwa yake so. Na ba shi kofi. Bai sha ba, fuskata yake kallo. Can na ji motar ta tsaya a kwalta, ta yi gurnani, aka sake ta. Taya ta yi ƙara guda doguwa, sumul, ba ƙwas ba dub, ta yi nisa har ta ɓace. Na gyaɗa masa kai. Ya shanye ruwan a tsaye ya miƙo kofin ya fita.

Bai yi mini godiya ba, ban kuma jira ba. Maganar kunne har yau ba mu taɓa yin ta da baki ba.

Bayan bikin mai motar ya dawo da goro da alewa, ya ce shi ya ja gaba kuma ba wanda ya kamo shi. Ya tsaya a zaure ya ɗaga murya ya ce a gaishe da Inna, a ce mata sannu da aiki. Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma cikin wata guda abokansa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya da motocinsu masu ƙaton murya, kowa da ƙarar da ta dame shi, kuma kowannensu sai na ji ya ce, "Baba, an ce a nan har nauyi ake sawa a baya." Ban san me ya gaya musu ba. Suna dai durƙusawa su gaishe ni fiye da yadda ake gaida buhu.

Garejin yana nan a buɗe. Jak ɗin ma yana nan. Ni ce dai tabarmata ta rage ganina. A wata sai in fita sau uku ko huɗu, kullum da rana tsaka don a lokacin kwalta ke kamawa, in dawo da ciwon baya da jiri, tuwo ya yi latti. Ranar Asabar in na jiyo su daga nesa suna juyi, nakan gane waɗanda suka bi ta hannunmu, sai in ajiye abin da nake yi in yi ta addu'a har su yi shiru, don ban san ko alheri na yi wa uwayensu ba.

Jiya ma ina cikin gyaran zogale, ƙafafuna a miƙe, maƙwabciyata ta kai tsakiyar wani labari mai daɗi, sai ga shi a bakin tsakar gida da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya gaishe ta, ya kalli sama.

"In kin ƙare," ya ce, "akwai wata mota ja a waje."

Na ce wa maƙwabciya ta riƙe mini labarin, na ture tire, na shiga neman takalmi.